Alli da safe, gita da dare: baƙon malami a kwarin Komadugu

Ga matanin wata lacca da aka gabatar a garin Difa, gaban taron malaman makaranta, ɗalibai da iyayen yara.



Batun da za a tattauna yau ya yi kama da batun wasa, don kuwa duk inda aka ambaci gita da ganga sai hankalin mai sauraro ya tafi gidan biki. To amma a ƙarƙashinsa akwai tambaya mai nauyi wadda ta shafi kowane uba a wannan jaha: mene ne yake zaunar da malami a garin da ba nasa ba? Gwamnati tana iya rubuta takardar tura ma'aikaci, ta buga hatimi, ta biya masa kuɗin mota, amma babu ofishin da ke rubuta takardar da za ta kwantar da zuciyarsa. Ajin da malaminsa ke ƙidayar kwanakin tafiya, ko an cika shi da tebura da littattafai, yaran da ke cikinsa marayu ne. Cikin abubuwan da suka zaunar da wasu baƙin malamai a ƙasar nan, har suka zama ƴan gida, akwai kayan kiɗa. Yadda haka ta faru, da abin da ta jawo musu, da abin da ya rage yau, shi ne zancen wannan zama.

Difa, ƙarshen hanya

Daga Yamai zuwa Difa tafiyar kilomita kusan 1,360 ce. Kafin a shimfiɗa kwaltar da aka raɗa wa suna hanyar haɗin kan ƙasa, wadda Kanada ta taimaka aka yi daga Gure zuwa Ngigmi a cikin shekarun 1970, ma'aikacin da aka turo nan yakan yi kwanaki yana fama da rairayi kafin ya iso. Shi ya sa tun wancan zamani mutanen yamma suka ɗauki turi zuwa Difa tamkar horo, kuma har yau wannan tunani bai gama fita daga zukata ba. Wanda ya iso kuwa sai ya tarar da ƙasa mai fuskantar kudu. Kogin Komadugu Yobe kansa baƙo ne: ruwan Haɗeja da na Jama'are ne suke haɗuwa su haife shi, ya bi iyakar Nijar da Najeriya wajen kilomita 150, ya wuce Boso ya faɗa tafkin Cadi. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa da aka gama a 1992, duk a ƙasar Kano suke, amma manomin tattasai na Difa ya san da zamansu a gonarsa. Naira tana yawo a kasuwa kafaɗa da kafaɗa da sefa, Maiduguri ta fi Damagaram kusa, harshen gida kuma Barbarci ne, sai Fulatanci, Tubanci, Larabci da harshen Buduma.

A irin wannan wuri kusan kowane malami baƙo ne, sai dai baƙuncin hawa-hawa ne. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakkol ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, ƙasar kuma ba ta da isassun malamai nata. Ƴan Dahomey, wato Benin ta yau, da ƴan Togo su ne suka riƙe azuzuwa da ofisoshi da dama. A kwaleji da lise akwai Faransawa, wasunsu samari ne da suka zaɓi koyarwa a ƙasashen waje maimakon aikin soja. A 1962 ƙungiyar Amurkawa ƴan sa-kai ta Peace Corps ta iso, rukuninta na farko kuma malaman Ingilishi ne. Ta shekara kusan 50 a Nijar kafin ta janye a watan Janairun 2011, bayan sace wasu samari Faransawa biyu a Yamai. Bayan waɗannan akwai baƙon cikin gida: Bahaushen Maraɗi ko Bazabarmen Doso da aka turo ƙauyen Manga ko na Mobar, wanda takardarsa ta ɗan ƙasa ce amma kunnensa na baƙo ne.

Nijar ma ta ba duniya irin wannan malami. Diori Hamani, kafin siyasa ta ɗauke shi, ya koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Paris a ƙarshen shekarun 1930. Shugaban ƙasa na farko ya san ɗanɗanon tsayuwa gaban ajin da babu ɗan uwansa ko ɗaya a ciki.

Daga aji zuwa gidan samari

A dubi yadda rana take wucewa ga irin wannan malami. Da safe yana da iko: alli na hannunsa, Faransanci na bakinsa, yara na miƙewa in ya shigo. Da an tashi daga makaranta sai ikon ya ƙare. A kasuwa ana ciniki da harshen da bai iya ba, a majalisar dattawa ana dariya bai san abin da aka faɗa ba, in an yi rasuwa yana zuwa gaisuwa ya zauna can gefe. Albashi in ya makara, kamar yadda ya riƙa makara wata da watanni a shekarun 1990, in kuma darajarsa ta karye, kamar yadda ta faru a Janairun 1994 da aka rage darajar sefa da rabi, ba shi da gona ko dangin da zai jingina da su. Mai kanti da mai gidan haya su ne suka san sirrinsa. Mutane suna girmama shi, suna ce masa mushe, amma girman da ake ba baƙo yana da katanga.

Hausawa na cewa baƙo ko da manyan idanu ba ya ganin gari. To, wanda ya iya kiɗa yana da wata ƙofa. Da maraice sai ya ɗauki gitarsa ya nufi gidan samari, inda ƴan orkes ke gwaji da tsofaffin lasifikoki da injin wuta mai tari. A can tsarin aji yana juyewa. Mai ganga yana iya zama tela ko makanike wanda bai taɓa zama a benci ba, amma shi ne zai tsayar da kiɗa ya ce wa mushe ya kuskure, a sake. Mai waƙa yana iya zama ɗalibinsa na safe. A bakinsu zai fara tsintar kalmomin Barbarci, don ba a raka waƙar da ba a san inda take numfasawa ba. Daga nan sai gayyatar biki, sai bukin ƙarshen shekarar makaranta, sai shagalin 3 ga Agusta da na 18 ga Disamba. Uban da bai taɓa taka harabar lakkol ba zai gan shi a dandali, ya san fuskarsa, gobe in malamin ya je gida yana roƙon a bar yarinya ta ƙare karatu kafin aure, ba za a tarbe shi kamar ɗan saƙon gwamnati ba.

Wannan haɗuwa ta alli da kiɗa tsohuwa ce a Afirka ta yamma. Makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta horar da Diori da Boubou Hama, ta yi suna da wasannin kwaikwayo da waƙoƙin da ɗalibanta ke tattarowa daga garuruwansu. Fodéba Keïta na Gine a can ya fito malami, ya koyar a Senegal, sannan ya kafa ƙungiyar Ballets Africains a Paris wadda ta zagaya duniya. A Nijar, zamanin Seyni Kountché da samariya, bukin matasa na ƙasa yana zagaya manyan garuruwan jahohi, kuma galibi malaman makaranta ne ke tsara wasanni da raye-rayen da kowace jaha ke shiga gasa da su. Yazi Dogo, wanda wasanninsa suka sa ƙasa duka dariya daga Damagaram, malamin makaranta ne. A 1987 aka buɗe gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, a 1989 kuma aka kafa cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, wadda Dominique Pagani, Bafaranshe malamin falsafa kuma masanin kiɗa, ya jagoranta a farkonta. Cikin waɗanda suka bi ta wannan cibiya akwai Yacouba Moumouni, wanda ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995.

Malam Mamman Barka da biram

Misalin da ya fi kusa da wannan jaha, wanda kuma ya fi kowane nauyi, shi ne na marigayi Malam Mamman Barka. An haife shi a Tasker, ƙasar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950, cikin Tubawa makiyaya. Ya yi karatun boko, ya zama malamin makaranta, ya shekara da shekaru yana koyarwa, a gefe guda kuma yana kaɗa gurumi. Waƙoƙinsa na Hausa sun sa sunansa ya ƙetara iyaka zuwa arewacin Najeriya, kalmar Malam kuma ta bi shi har dandali.

A bakin tafkin Cadi akwai Buduma, masunta da makiyayan tsibirai masu kiran kansu Yedina. Suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya 5 da ake kira biram, wanda aka sassaƙa shi da siffar kwalekwale. A al'adarsu ba abin wasa ba ne: yana da alaƙa da iskokin tafki, kuma ba kowa ke taɓa shi ba sai wanda aka yarje wa. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja da baya sakamakon farin shekarun 1970 da 1980, har Ngigmi da take tashar jiragen ruwa ta koma garin tudu. Da ruwa ya tafi, mutane suka watse neman abinci, samari suka daina zama gaban tsofaffi, biram ya rasa magada. A ƙarshen ƙarnin da ya wuce, gwani ɗaya aka sani ya rage, wato Bukar Tar.

A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, Mamman Barka ya tattara ya tafi bakin tafki ya zauna gaban wannan tsoho. A lura da abin da ke cikin wannan tafiya. Mutumin da ya saba tsayuwa gaban allo, wanda ya riga ya yi suna, ya koma ɗalibi a cikin mutanen da ba ƙabilarsa ba, harshensu ba nasa ba, abincinsu kifi ne shi kuwa ɗan raƙumi da rairayi ne. Bukar Tar ya karɓe shi, ya koya masa kiɗan da waƙoƙin da ke tafe da shi, ya kuma damƙa masa biram. Bayan rasuwar tsohon, baƙon ne ya zama majiɓincin gadon Buduma. Tare da abokin tafiyarsa makaɗi Umaru Adamu, mai kalangu da duma, ya kai biram Maroko a 2005, ya kai shi bukin WOMAD na Ingila a 2008, a 2009 kuma wani kamfanin Landan ya fitar da faifansu. Ya rasu a Yamai a watan Nuwamban 2018.

Darasin da ke cikin wannan labari biyu ne. Na farko, Bukar Tar ya yi abin da masu riƙe da gado da yawa ba sa iya yi, don ya gwammace ya ba baƙo da ya shiga kabari da abinsa. Na biyu, horon malanta ne ya sa Barka ya iya karɓa: wanda ya san yadda ake koyarwa ya san yadda ake saurare, ya san ana bin darasi daki-daki, ya san abin da ba a maimaita ba mantuwa ce makomarsa. Tambayar da rasuwarsa ta bari kuwa tana nan a gaban wannan jaha: yara nawa ne yau a Boso ko Ngigmi suka taɓa ganin biram da idonsu?

Kuɗin da ake biya

Kada a ɗauka hanyar shimfiɗe take. A ƙasar Hausa da ta Barebari kiɗa sana'ar gado ce, makaɗi da maroƙi suna da matsayinsu, kuma ɗan gidan sarauta ko na malamai ba ya shiga cikinta ba tare da an yi magana ba. Malamin makarantar da aka gani da gita a gidan biki, wasu iyaye sukan ce ya zubar da girmansa, wasu malaman addini sukan ce yana ɓata yara, sufeton makarantu kuma yana iya tambayar yaushe yake gyara takardun ɗalibai. Ba duk wannan zargi ne na banza ba. Wanda ya kwana a dandali ya shigo aji da jajayen idanu ya ci amanar yara, wanda kuma ya mai da farin jinin dandali tarkon ƴan mata ɗalibai ya cancanci kora, ko da ya fi kowa iya kiɗa. Ma'aunin ɗaya ne: in kiɗan yana ƙara wa ajin albarka a bar shi, in yana ci daga jikin ajin a hana.

Akwai kuma tarkon siyasa. Tun da aka buɗe fagen jam'iyyu da yawa bayan babban taron ƙasa na 1991, kowace jam'iyya tana neman makaɗa, kuma ita ce ke da kuɗin da albashi ba ya kawowa. Ɗan gari in ya yi wa jam'iyya waƙa ta faɗi, yana da dangin da za su rufa masa asiri. Baƙon malami in ya yi haka, takardar canjin wuri ce ke jiransa, in ɗan wata ƙasa ne kuma abin ya fi haka muni. Fodéba Keïta da aka ambata ya bar dandali ya zama minista a gwamnatin Sékou Touré, a 1969 aka kama shi aka kashe.

Baƙo kuma yana zaune ne bisa yardar gwamnatocin da ba su shawarce shi ba. A ƙarshen 1963, saboda rikicin tsibirin Lete, Nijar ta sallami ma'aikata ƴan Dahomey, cikinsu har da malamai. A 1969 Ghana ta kori baƙi, ƴan Nijar da yawa suka dawo hannu rabbana. A Janairun 1983 Najeriya ta kori nata baƙin, ƴan Ghana wajen miliyan ɗaya suka kama hanya, cikinsu akwai malaman makaranta da makaɗan da arzikin man fetur ya jawo. Kowane karo, yaran da aka bari a aji ba su san laifin da malaminsu ya yi ba.

Bayan 2015

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A watan Nuwamban 2014 ƴan Boko Haram suka afka wa Damasak, dubban mutane suka tsallako Komadugu. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fitar dare, aka dakatar da cinikin tattasai da na kifi na tsawon shekaru. Kafin ƙarshen wannan shekara makarantu fiye da 150 sun rufe a jahar. A ƙetaren kogi, ƙungiyar malaman Najeriya ta sanar a 2015 cewa an kashe mata malamai fiye da 600. Masu wannan aƙida sun tsani boko, sun kuma tsani kiɗa, saboda haka malamin da ke kaɗa gita laifi biyu yake ɗauke da shi a idonsu. Garin da ake rufe ƙofa tun magariba kuwa ba ya ciyar da orkes.

Amma wannan masifa ta kawo wa Difa wani sabon irin baƙon malami, wanda ba gwamnati ce ta turo shi ba. Cikin ƴan gudun hijirar Borno da Yobe akwai malaman makaranta. A sansanin Sayam Forage da aka buɗe a ƙarshen 2014, da kuma cibiyoyin karatu da hukumar HCR ta taimaka aka kafa a Difa, Maine-Sorowa da wasu garuruwa, an ci gaba da koyar da yaran ƴan hijira da Ingilishi bisa tsarin Najeriya, har aka riƙa kai su Kano su zauna jarrabawa. Waɗannan malamai sun rasa gida da albashi da takardu, suka ci gaba da riƙe alli. Su da ƴan garin da suka tarbe su harshe ɗaya suke ji, algaita ɗaya da ganga ɗaya suke rawa da su a biki, don kogin nan bai taɓa raba kiɗan Barebari gida biyu ba. Lokacin da Difa ta karɓi bukin 18 ga Disamba a 2021, wanda aka yi wa laƙabi da Difa N'Glaa bayan ɗage shi da shekara guda, an ga yadda garin ke ƙishin dandali.

Abin da ya rage a yi

Yau yawancin masu riƙe da azuzuwan firamare a ƙasar nan malaman kwantaragi ne, tsarin da ya samo asali tun 1998, kuma da yawansu matasa ne da ake turawa nesa da gida da albashin da bai taka kara ya karya ba. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, amma wannan ba zai sa Bahaushen da aka turo ƙauyen Mobar ya daina zama baƙo ba. Sai ma nauyi da ya ƙaru a kansa na ya nuna cewa bai zo danne harshen masu gida ba. Hanya mafi sauƙi ta nuna haka ita ce ya koyi gaisuwarsu, ya koyi waƙarsu.

Saboda haka akwai kira ga ɓangarori uku. Hukumomin ilimi su daina kallon malamin da ke kiɗa a matsayin mai shiririta: a ba shi sa'o'in koyar da waƙa da ke cikin jadawali, waɗanda a makarantu da yawa sunansu kawai ake gani. Jami'ar Difa, da aka kafa a 2014, da gidajen rediyon jaha su nemi tsofaffin masu algaita da ganga da waɗanda suka gaji waƙoƙin tafki, a ɗauki muryoyinsu tun suna da rai, a kuma kai su makarantu yara su gan su, don ba kullum ake dace da wani Mamman Barka ya iso kafin a yi jana'iza ba. Iyaye da sarakuna kuma su tuna cewa malamin da ake gayyata suna da biki, ake zuwa duba shi in ya kwanta ciwo, ba ya saurin rubuta takardar neman canji.

Ga malaman da ke zaune a nan, waɗanda aka turo daga nesa da waɗanda gudun hijira ya kawo, ba kowa Allah ya ba hannun kiɗa ba, kuma ba a ce kowa ya nemi gita ba. Abin da ake nema shi ne kowane malami ya sami wani wuri a garin da yake aiki inda shi ne ɗalibi, ko gonar tattasai ce, ko filin ƙwallo, ko gaban wani tsoho mai tsirkiya 5. Wanda ya yarda gari ya koya masa wani abu, gari zai yarda ya ba shi ƴaƴansa.

Allah ya zaunar da wannan jaha lafiya, ya jiƙan malaman da suka rasa rayukansu a bakin aiki.